Abin da Ya Hana Lemu Zama a Gaɓar Yawuri

Albasa, shinkafa da bandar kifi su ne kayan da manyan motoci ke lodi a Yelwa su nufi kudu. Lemun zaƙi kuwa shigowa yake yi. Mafi yawan wanda ake ferewa a tasha daga Binuwai ya taso, ya kwana a hanya, kafin ya iso hannunmu ya yi laushi, kuɗinsa kuma ya hau. Alhali ga tafkin Kainji shimfiɗe a bakin ƙofarmu, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, ga rana, ga manoman da suka gaji ban ruwa kaka da kakanni. Baƙo idan ya ga haka sai ya ce lalaci ne. Mu da muka tashi a nan mun san ruwan ƙasar nan bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, itace kuwa inda aka dasa shi nan zai rayu, nan zai mutu.

A shekarar 1830 wasu Turawan Ingila biyu, Richard Lander da ƙanensa John, suka hawo kogi daga Busa zuwa Birnin Yawuri suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa wajen shekara 25 kafin zuwansu. Takardun dai ba su samu ba, sai zaman jiran sallamar sarki na makonni. Amma sun rubuta abin da suka ga ana nomawa: baba, taba, albasa, alkama, da shinkafa mai yawa kuma mai kyau. Duk manomin da ya ji wannan jeri zai tsaya a kan alkama da albasa. Alkama ba ta yi da damina a ƙasarmu, sai da sanyin hunturu, kuma sai an ɗebo ruwa an ba ta. Albasar kirki ma ta rani ce. Ke nan tun kusan shekara 200 da suka wuce ban ruwa ya riga ya kafu a Yawuri har baƙo mai wucewa ya gani.

Sirrin wannan sana'a yana cikin halin Kwara, kogin da ke cika sau biyu a shekara. Cikar farko farin ruwa ne, na daminarmu, wanda gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kwasowa da laka, ya kai ƙololuwa wajen Satumba. Ta biyu baƙin ruwa ne, ruwan saman da ya zuba a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana rarrafe cikin fadamun Masina a Mali, ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso mana garau da tsakiyar rani, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu. Ba hadari, ba gajimare, ƙura ta rufe sama, amma kogi na hawowa. Daidai lokacin da albasa ke neman ruwa, ruwan ne da kansa ke matsowa kusa da fangali.

Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, su ne gwanayen wannan noma, tare da Shangawa ta arewa da Lopawa da Kambari ta wajen Ngaski. Yadda dattawan gidanmu suka ba mu labari, mutum zai shiga ruwa iya gwiwa da ƙwarya, yana kwarfa cikin 'yar hanyar da aka haƙa, yaro na can sama yana buɗe fangali ɗaya yana toshe ɗaya. Inda gaɓa ta yi tsayi sai a kafa jigo, ko a jera mutane ana miƙa ƙwarya hannu da hannu. A zuba iri ƙarshen damina, a yi dashe da shigowar sanyi, a tona kafin zafin bazara ya tsananta. Taki kuwa rabinsa kogi ne ya bayar, sauran kashin shanu da toka. Aiki ne mai cin ƙugu. Ban taɓa jin tsohon da ya yi shi yana kewar ƙwaryar ba, ƙasar kawai suke kewa.

Duk abin da aka shuka a irin wannan ƙasa dole ya kammala cikin wata uku zuwa huɗu ya ba ruwa wuri. Lemu ba ya cikin masu iya haka. Saiwarsa ba ta jure kwanan ruwa, 'yan kwanaki a nutse sun isa gindin ya fara ruɓa yana tsatsar ƙaro. Wanda aka shuka daga ƙwallo kan kai shekara shida ko fiye kafin ya yi 'ya'ya, mai aure ma sai ya ci uku ko huɗu. A tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa, ruwan ya yi nisa da ƙwarya. Ga kuma rashin kwanciyar hankali na ƙarni na 19: yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarauta, da hare-haren Nagwamatse da zuriyarsa daga Kontagora, har gadon sarautar Yawuri ya bar Birnin Yawuri ya koma gungun Ikum, bai sake zama a tudu sosai ba sai da Sarki Abdullahi Abarshi ya kafu a Yelwa a 1888. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincike mai zurfi a kan wannan zamani. Mutumin da bai san ko baɗi yana garinsu ba, ba ya dasa itacen shekara shida.

Sai madatsa ta zo. An fara ginin Kainji a 1964, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin, aka datse ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Tafkin ya miƙe wajen kilomita 135 daga bakin madatsa har Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, babban gungun Foge ya nutse, gungaye da tungaye barkatai suka bi su. Mutane kusan 44,000 aka tayar. An gina musu sababbin garuruwa a tudu, gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufin asbesto da wani mai zanen gini Bature, Robin Atkinson, ya tsara. Har yau idan ka bi ƙauyukan bakin tafki za ka gan su, wasu an kewaye su da ɗakunan laka, wasu sun zama rumbu. Ɗaki dai an biya shi da ɗaki. Ƙasar gaɓa mai shan laka duk shekara ita ce ba a iya biya ba, domin ba a gina irinta da siminti.

Wani masanin labarin ƙasa, Wolf Roder, ya bi rayuwar manoman ban ruwa na yankin tun farkon cikar tafkin, ya koma bayan shekaru ya sake dubawa, ya fitar da littafi a 1994. Mutanenmu ba su zauna jiran gwamnati ba. Sun lura da sabon halin ruwan, sun bi shi. Yanzu tafki kan cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike cikin hunturu, sannan daga bazara ya riƙa sauka har tsakiyar damina saboda ruwan da ake saki ta injinan lantarki. Tsakanin cika da raguwa akwai wajen mita 10. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, mita 10 na nufin bakin ruwa ya ja baya tafiya mai nisa, ya bar danshi mai faɗin gaske. Manoma na binsa da masara da wake da gyaɗa da dankali da shinkafa, Fulani na binsa da shanu saboda ciyawar burgu, rigima kuma na bin su duka. An samu abinci, wannan ba musu. Amma a da kogi ne ke tsara lokaci, kowa ya san halinsa. Yanzu har da buƙatar megawat 760 na wutar da za a aika birane masu nisa. Gaɓar da ta riga ta ƙi itace sai ta ƙara ƙinsa.

Akwai kuma maganar mallaka. A al'adar ƙasar Hausa duka, wanda aka ba aron gona ko haya ba ya dasa itace a ciki, domin dashe alama ce ta cewa wuri ya zama naka. Da yawa daga waɗanda aka tayar a ƙasar wasu aka sauke su. Ƙasar da tafki ke bari kuwa kowa na da hujja a kanta: wanda gonar kakansa ce kafin ta nutse, wanda ƙauyensa ne mafi kusa yanzu, da hukuma, musamman bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna.

Zuwan ɗan injin fetur a shekarun 1980, da shirin Fadama na Bankin Duniya daga 1993, su suka yi wa ƙwarya da jigo ritaya. Da inji da mesa mutum ɗaya na shayar da abin da a da sai gayya. Shinkafar rani ta bunƙasa, musamman bayan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. A Gafara ta ƙaramar hukumar Ngaski kamfanin GBfoods ya kafa gonar tumatir da masana'antar sarrafa shi, ana shayarwa ta siraran bututu masu ɗigo a gindin shuka. Da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa, masu hali suka koma injin hasken rana, marasa hali suka rage fangali. Daga ƙwarya zuwa sola abu ɗaya muke fama da shi: ruwa na ƙasa, gona na sama, ɗaga shi ne kuɗi. Kuma har yanzu duk shukar wata huɗu ce.

Amma akwai lemun da ya zauna. Shiga tsofaffin gidajen Yelwa ko Wara ko Birnin Yawuri ka nemi inda rariya ke fitar da ruwa. Can za ka same shi, lemun tsami, sau da yawa da gwanda ko ayaba ko zogale a gefe. A gidan da na tashi lemun na kakarmu ne, kuma ba a taɓa aiken yaro kogi dominsa ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka, duk ta wajensa suke bi. Ruwan tsari ba ya samu, wannan na awaki ne. Kaka ta tara ƙasa a jikin kututturen ta yi masa kwari a kewaye, don ruwan ya zagaya ba tare da ya kwanta a gindi ba. Kumfar wanki kuwa, musamman ta garin sabulu, ta hana a zuba ta nan, ta ce tana ƙona ganye. Malaman gona sun tabbatar da maganarta ta hanyarsu: lemu na cikin itatuwan da ba su jure gishiri, kuma sinadaran sodiyam da boron da ke cikin garin sabulu suna busar masa da bakin ganye su sa ya kaɗe. Daga wannan itace ɗaya ake tsinka kunun gyaɗa, a wanke santsin tarwaɗa, a kwaɓa lallen amare, a matsa wa mai mura a shayi, maƙwabta kuma su aiko yara.

Abu uku ya samu waɗanda gaɓa ba ta iya ba shi: yana tudu, ƙasar ta masu gida ce ba gardama, ruwansa kuma ba ya yankewa rani da damina muddin ana salla ana girki. Ba a rubuta tarihin wannan al'ada ba saboda ta mata ce kuma ta bayan ɗaki ce. A ganina ita ce tushen duk wata magana ta shayar da lemu da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a ƙasar nan.

Wani zai ɗaga maganar tsarki, kuma ya kyautu ya ɗaga. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malam ya san da babin ruwa ake fara fiƙihu: launi, ɗanɗano, ƙamshi. Ruwan da abu mai tsarki ya jirkita shi ba a ibada da shi amma ana al'ada. Wanda najasa ta jirkita ba a ibada ba a sha ba a girki. Sai dai malaman Malikiyya sun halatta a shayar da shuka da shi, kuma Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa amfanin gonar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan ƙazanta idan aka tace shi har siffofinsa suka dawo, ya tsarkaka. Ta fuskar shari'a ke nan ƙofa a buɗe take tun tuni. Amma malam tambayar tsarki ya amsa. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar taifot ba su da launi ba su da wari, wannan babin na likita ne.

Wanda yake son ganin abin da ke faruwa idan rariyar gida ta zama ta birni guda, ya tafi Kano. Zaman karatu ya kai ni can, kuma ban manta da koren da ke bin rafin Jakara da tsakiyar rani ba, lokacin da ko'ina ya bushe. Jakara tsohuwa ce. Matafiyi Bature Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da ita fadama ce a tsakiyar birni kusa da kasuwa, tana karɓar dattin gidaje, wani matafiyin, Barth, ma ya gan ta a 1851. Kanawa kuma sun daɗe da sanin darajar dattin gari. Jakuna na fita da toka da shara da kashin dabbobi zuwa gonakin karkara, su dawo da itacen wuta. Wannan zirga-zirga ce ta sa ake noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba hutu, kamar yadda Michael Mortimore ya nuna a bincikensa na shekarun 1960. Taki busasshe ne, rana ta gasa shi kafin ya isa gona.

Famfo ne ya sauya lissafi. Tun da aka jawo ruwan Challawa cikin birni a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sannan aka ƙara da na madatsar Tiga a shekarun 1970, duk abin da ya shiga gidaje ta bututu sai ya fita ta lambatu. Jakara ta zama rafin da ba ya ƙafewa. Ta ɗauki ruwan cikin birni da Fagge da Sabon Gari da jinin mayanka, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, duka suka gangara madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Ta kudu kuma majemun Sharaɗa da Challawa suna zubar da ruwan jima mai sinadarin kuromiyam. Masu lambu suka jeru a gaɓa daga Kwakwaci zuwa Gama har gaba, da injinansu, suna noman latas, kabeji, alayyafo, karas. Ba na ganin laifinsu. Ruwa kyauta, takinsa a cikinsa, kasuwa a bayan katanga, iyali na jiran cefane. Wa zai ƙi? Masu bincike na jami'o'in Kano da Zariya sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, sun sha samun ƙarafa masu guba da ƙwayoyin cuta fiye da kima. Haka abin yake a Kubanni ta Zariya, haka a Gunti Yena ta Yamai. Abin takaicin shi ne an haɗa ruwa mafi muni da shuka mafi haɗari: ɗanyen ruwan kwata a kan ganyen da za a yanka a ci ɗanye.

A Tunisiya sun juya wannan lissafi. Unguwar La Sukra da ke gefen birnin Tunis ta shahara da lambunan lemu, har rijiyoyi suka yi ƙasa saboda yawan ja, ruwan teku ya fara kutsowa yana sa musu gishiri. Daga 1965 aka riƙa tura musu tataccen ruwan birni daga matatar Shargiya, aka ceci lambuna wajen hekta 1,200. Daga baya ƙasar ta kafa doka a 1989: irin wannan ruwa na itatuwa ne da ciyawar dabbobi da hatsi da auduga, ba a kai shi ga kayan lambu. Hikimar a fili take. 'Ya'yan lemu suna rataye sama, ruwa na ƙasa, ga kuma ɓawo mai kauri da za a fere a yar. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989 ma haka suka bambanta: ganyen da ake ci ɗanye yana buƙatar ruwan da aka tace sosai, itatuwan marmari kuwa ya wadatar a kawar da ƙwan tsutsa, abin da jerin tafkunan tacewa ke yi cikin kwana 8 zuwa 10 da rana da iska kawai. Sharuɗɗan su ne a daina shayarwa mako biyu kafin tsinka, kada a yi feshi ta sama, kada a tsinci wanda ya faɗi ƙasa.

Tunis darasin Kano ce, domin dukansu ƙarancin ruwa ya kai su. Namu darasin yana Amurka, a birnin Olando na jihar Fulorida, ƙasar tafkuna da ruwan sama. Su ba ƙishi ya dame su ba. Ruwan matatunsu ne ke gangarawa ta wani rafi zuwa tafkin Tohopekaliga yana lalata shi, mazauna bakin tafki suka kai ƙara, aka umarci birnin da gundumarsa su daina zubawa. Da suka rasa inda za su kai ruwan sai suka shimfiɗa bututu zuwa tudun rairayi da ke yamma da birni, inda gonakin lemu suke. Aikin, mai suna Water Conserv II, ya fara a ƙarshen 1986. Manoma sun yi ɗari-ɗari da farko, sai da aka yi musu alkawarin ruwa kyauta na shekara 20. Masu binciken Jami'ar Fulorida sun bi itatuwan shekara da shekaru, suka ga suna girma da kyau suna 'ya'ya. Yau yawancin gonakin nan babu su, cutar da ke hana lemu nuna wadda ta ɓulla a jihar a 2005 da gine-ginen gidaje sun cinye su, ruwan ya koma filayen wasa da lambunan unguwanni. Amma abin da aka fita nema an samu, ƙazantar ta daina shiga tafki ta waccan hanya.

Wannan shi ne amsar wanda zai ce mutanen da ke da Kainji me za su yi da ruwan kwata. Tambayar a juye take. Kainji ne ba ya buƙatar ruwan kwatarmu. Yelwa ta girma, Wara ta girma, kuma duk lambatun da ke cikinsu gangare ɗaya ya sani. Ruwan wanka da wanki, na mayanka, na masu gyaran kifi, da abin da masu yashe masai ke zubarwa a bayan gari ruwan sama ya kwaso, ƙarshensa inda mata ke wanke-wanke, yara ke iyo, Sarkawa ke jefa taru, masu kura ke ɗiba. Girman tafkin ne ke rufa mana asiri, amma a lungunan da ruwa ba ya gudu, da bazara idan ya ja baya, hanci ma ya isa shaida. Kainuwar da ke toshe mashigar jirage irin wannan ruwa mai maiƙo take so.

Kada kuma a ce yanayinmu ba na lemu ba ne. Gaya ta Jamhuriyar Nijar, a bakin wannan kogi namu, sama da mu kuma ta fi mu ƙarancin ruwan sama, ta yi suna da lambunan lemu da mangwaro. Timiya, can cikin duwatsun Azbin, lemunta na kaiwa kasuwannin Agadas da Yamai. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta Kano, inda mai neman dashe mai aure zai fara tambaya. Lemunmu ba zai yi launin ruwan ɗorawa irin na hoton kwali ba, saboda dare ba ya sanyi sosai yawancin shekara, zai nuna yana kore-kore. Wanda ya saba da na Binuwai ya san zaƙi ba a ɓawo yake ba.

Ba na cikin masu mafarkin babbar matata irin ta Wupa da ke Abuja. Garuruwanmu ba su da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, kuma mun ga ƙarshen injinan da aka kawo da biki, aka rasa mai sayen ƙaramin ƙarfen da ya lalace. Abin da ya dace da mu ƙarami ne. Ruwan alwala na masallatan Juma'a kusan tsabtatacce ne, yana malala a titi. Makarantun kwana na zubar da ruwan wanka da na kicin kullum a wuri ɗaya, kuma suna da fili da katanga da takardar mallaka. Waɗannan ba sa buƙatar komai sai ramin tsakuwa da yashi da 'yar hanya zuwa gindin itatuwa. Manyan lambatun gari su ne ke son tafkunan tacewa biyu ko uku a jere, a wurin da cikar tafki ba ta kaiwa, a kewaye su saboda yara, a riƙa nome ciyawar bakinsu saboda sauro, sannan injin hasken rana ya tura ruwan ga lambu. Da damina a bar ruwan sama ya wanke gishirin da ya taru. Ruwa iri biyu kuma kada su kusanci wurin ko da wasa: na asibiti, da na masu wankin zinariya. Ƙasar Yawuri ƙasar zinariya ce tun zamanin Turawa, masu haƙa na aiki da zaiba, kuma ba tafkin tacewar da ke cire zaiba ko dalma. Yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 sun ishe mu gargaɗi.

Hukumar HYPPADEC, wadda dokar 2010 ta kafa domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, irin wannan aiki na cikin huruminta. Amma kafin kuɗi fili ake buƙata, fili kuma a hannun ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga yake, da hakimai da masarauta. Ina roƙonsu su bi kowane babban lambatu su ga inda yake ƙarewa, su keɓe wurin da takarda tun kafin a yanka shi fuloti, su kuma rubuta a fili cewa wanda ya dasa itace a nan shi da 'ya'yansa ne za su tsinka. Ba tare da wannan takarda ba, ko an kawo ruwan ba wanda zai dasa lemu, latas za a shuka.